Hamma Joda da Allon da Ke Suma da Azahar

Duk wanda ya taɓa shiga shagon Hamma Joda a bayan kasuwar Jimeta ya san halinsa. Sai ka yi sallama sau uku bai ɗago kai ba, amma da zarar allon na'ura ya rubuto masa "Salamu alaikum" a fuskar kwamfuta, sai ya gyara hula ya amsa da ƙarfi, har da wa barakatuhu. Allon nan wani ɗan koren faifai ne kamar tafin hannu, irin wanda ake sakawa a cikin injinan sola da na famfo. Aikin Hamma shi ne ya tashe shi daga barci, kuma abin da yake fara koya wa kowanne shi ne sallama.

Ni taubashiyarsa ce, 'yar kawunsa, don haka ni kaɗai ke da izinin gaya masa magana son raina. Na ce, "Hamma, ka ƙi amsa wa mutum, ka amsa wa ƙarfe?"

Ya ce, "Hajjo, ke tun kina goye kike surutu, ba wanda ya roƙe ki. Wannan kwana goma sha ɗaya nake lallashinsa ya buɗe baki!"

Ya taɓa zaunar da ni ya yi min karatu, ban tambaye shi ba. Wai akwai wani abu kenel, shi ne maigidan cikin allon, mai raba wa kowa aiki. Sai kuma direbobi, su ne tafintoci, domin kowane ɗan ƙarfe da ke kan allon da nasa yaren. In babu tafinta, maigida zai yi ta ihu ne ba mai jin sa. Na ce ai haka gidansa yake, ya kore ni daga shagon.

Maƙo kuwa, wayyo! Hamma bai taɓa jefar da allo ba. Kwalaye cike da matattun alluna, daga shago har gidansa na Yolde Pate. In ka ce sun mutu sai ya ɓata rai, ya ce jinya suke yi. Wata rana matarsa, Adda Mairo, ta ɗauki guda ta tokare ƙafar kabad ɗin kwanukanta da ke rawa. Da ya gani har ya yi salati. Ya ɗaga kabad ɗin, ya zare allon, ya hure masa ƙura, ya cusa silifas ɗinsa ɗaya a wurin. Mako biyu yana zuwa masallaci da silifas a dama, takalmin Adda Mairo na banɗaki a hagu, kuma ko a jikinsa.

Sai kalmarsa da kowa ya haddace: "Abu ɗaya, abu ɗaya!" In allo ya ƙi tashi, ba ya canza abu biyu a lokaci guda. Zai canza guda, ya gwada, ya rubuta a wani tsohon littafin makaranta, sannan ya taɓa na gaba. Ya ce in ka canza biyu ya yi aiki, ba ka san wanda za ka gode wa ba. Da ya tsaya a shago da sauƙi, amma har kicin ya kai wannan doka. Ranar da miyar tasba, wato ganyen tafasa, ba ta yi masa daɗi ba, ya ce, "Mairo, gobe ki cire daddawa kawai. Jibi ki mayar da shi ki canza kifi. Kafin Juma'a za mu kama mai laifi."

Adda Mairo ta ce, "To, Malam, abu ɗaya zan canza."

Washegari ta yi miyar yadda ta saba, ta aika wa maƙwabta da kwanonsa. Ta canza mai ci.

Dariya muke masa, har zafin da ya biyo bayan shekarar da aka gudo daga Mubi da Michika. Ina aikin lafiya a sansanin 'yan gudun hijira na Damare. Rijiyar burtsatse ɗaya muke da ita mai injin sola, sai akwatin da ke kunna famfon ya ƙone. Waɗanda suka kafa shi sun tattara sun bar gari, wayarsu a kashe. Mata suka koma ɗebo ruwan kogi. Cikin 'yan kwanaki yara suka fara amai da gudawa, ni kuma na san abin da ke biyo bayan wannan a wurin da mutane ke kwana kai da ƙafa. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba.

Na ciro akwatin na kai wa Hamma. Ya shinshina shi, ya ce wannan kam ya riga mu gidan gaskiya. Sai ya tona kwali ya zaro allon nan na ƙarƙashin kabad. Ba takardar bayaninsa, ba sunan maƙerinsa. Ya ɗauki mitar auna wuta yana bin ƙafafun ƙarafan ɗaya bayan ɗaya, yana rubutawa. Rana ta uku allon ya yi sallama. Saura tafintan da zai kunna famfo, da wanda zai ji in tanki ya cika.

Rana ta huɗu na same shi ya canza lamba ɗaya tak yana jiran kwamfuta ta gama haɗa kenel, yana cin gyaɗa. Raina ya ɓaci. Na ce, "Hamma, yara huɗu na bari da ƙarin ruwa a hannu! Ka canza su duka mana a wuce wurin!"

Bai yi min wasa ba ranar. Ya ce, "Hajjo, in na yi gaggawa ya tashi ban san dalili ba, ranar da zai kwanta ma ba zan san dalili ba. Lokacin yaranki sun fi huɗu." Na fita ina kuka, ina zaginsa a zuci.

Rana ta shida da safe muka ɗaura shi a Damare. Famfo ya yi gurnani, ruwa ya zubo, mata suka rangaɗa guɗa. Mama Rahila, wata dattijuwa 'yar Michika da ke shugabantar matan sansanin, har rawa ta taka. Ana kiran azahar, ɗif! Ruwa ya tsaya. Da la'asar sakaliya ya dawo da kansa. Washegari haka. Hamma ya mayar da allon shago, ya yini yana aiki lafiya lau a ƙarƙashin fanka. Aka dawo da shi Damare, azahar na yi ya sume.

Mama Rahila ta riƙe ƙugu ta ce, "Baba Injiniya, wannan abu naka yana azumi ne? Rana ya yi tsakiya, shi ya kwanta. Mu layi ya kai bakin hanya!"

Washegari Hamma ya koma Damare da sassafe. Ya aro lema, ya shimfiɗa buhu a gindin akwatin, ya jona kwamfutarsa, ya zauna tun hantsi yana karanta abin da allon ke rubutowa. Gumi har yana ɗiga daga gemunsa. Da rubutun ya rikice ya tsaya, sai ya ɗora yatsa a kan baƙin ƙarfen da ke tsakiyar allon. Ya yi tsalle yana yarfe hannu, yana dariya kamar wanda aka yi wa albishir.

Ya ce, "Kai! Bawan Allah ba shi da laifi! Waɗanda suka ƙera shi ba su san Yola ba, sun ce masa ya yi ta gudu. Wa ke gudu da azahar a garin nan?"

Nan take ya rage masa gudu da rabi, ya sake haɗa kenel, ya ɗora. Abu ɗaya ke nan. Washegari allon ya wuce azahar amma yana numfashi sama-sama, sai ya nemi na biyu: tukunyar ƙasa. Aka kawo sabuwa, ya ce haram, a nemo fasasshiya. Mama Rahila ta kawo wata mai huda a gindi, ya ce yawwa, ga ƙofar waya nan an riga an yi. Ya sa allon ciki, ya naɗe tukunyar da jiƙaƙƙen buhu, ya ce kullum da hantsi a yayyafa mata ruwa. Tun daga ranar ruwa bai sake yankewa ba, kuma yaran nan huɗu duk sun tashi. Ban ba shi haƙuri ba, taubashi ne. Na dai saya masa silifas.

Da daminar bara Hamma ya kwanta rashin lafiya, kwana tara, Allah ya karɓi abinsa. Da safe muna zaune a Yolde Pate, ana shirin yi masa wanka, sai ga Keke Napep ya tsaya a ƙofar gida. Mama Rahila ce ta sauko da ƙyar, ta tsufa, ashe ba ta koma Michika ba, ta yi gona a Damare. Ta sa mai keken ya sauke jarka biyu. Ta kama hannuna ta ce, "Nas, ni ban san yadda ku kuna yi ba. Amma wannan ruwan shi ne. Yau da safe na ɗiba. In ba laifi, a wanke shi da shi."

Aka dubi liman. Liman ya share ido ya ce a shigar da su ciki.

Allah ya jiƙanka, Hamma. Na zage ka da yawa, kuma ban taɓa gaya maka na gode ba. Allah ya sanyaya makwancinka, ya shayar da kai daga Alkausara kamar yadda ka shayar da bayinsa a lokacin da suka rasa gida. Amin.