Gajimare a Bayan Arnulfo

Da asuba, tun ruwan teku bai janye daga ƙarƙashin gidajenmu na kan turaku ba, Nemesia tana kan keken ɗinki. Ba sai na leƙa ba. Bangon katako ɗaya ne ya raba ɗakina da nata, kuma ni nake gyara keken, na san kukansa sarai. Takan yi ta ɗinki har gari ya waye, sannan ta rufe keken da tsohon zane, ta sauka ta hura wutar kyafa kifi. Da kifin take ci da kanta da uwarta.

Ni Evaristo, injin kwalekwale nake gyarawa a nan Tumaco tun ina da gashi a ka. Na gaji da masu daɗin baki, don su ne suka fi kawo inji a mace su ce jiya lafiya lau yake. Nemesia ba ta cikinsu. Da mijinta ya tafi ya bar ta, ba ta kai ƙara wurin kowa ba, ta sayar da ragarsa ta kamun kifi ta sayi keken nan. Ita ce babba a 'ya'yan Doña Casilda, kuma ita kaɗai ta zauna. Biyu suna Cali, ɗaya ta yi aure a Ecuador, autansu Arnulfo kuwa yana haƙar ma'adinai a hamadar Chile, inda in ya hau dutse ba a samunsa a waya sai ya sauko gari.

Doña Casilda ta haura tamanin. Ga ciwon suga, ga ido ya rage, ga sunayen jikoki sun fara cakuɗe mata. Hotunan gidan suna cikin gwangwanin biskit, laima tana cinsu ɗaya bayan ɗaya. Shi ya sa Nemesia ta ƙudura za ta mayar da su kan yadi, ta haɗa bargo, tsohuwa ta riƙa farkawa da mutanenta a kan ƙafafunta. Kowane hoto ta zagaye shi da ƙyallen tufar mai hoton: rigar cocin wannan, wandon makarantar wancan, har da shuɗiyar rigar marigayi Baldomero, mijin tsohuwar, wadda yake zuwa kamun kifi da ita.

Mai buga hoto a yadi a unguwarmu ɗaya ne, Wilfrido, a bakin kasuwa. Rabin aikinsa na 'yan ƙwallo ne, rabi na mamata. In aka yi rashi, kafin a gama haɗa akwati ya fitar da fararen riguna da fuskar mamacin a ƙirji, gajimare a bayansa, dangi su sa su raka gawa. Hannunsa ya saba.

Hoton da Arnulfo ya turo ta waya bai yi kyau ba. Yana tsaye gaban bandakin ma'aikata, ga durom ɗin shara, ga gwiwar hannun wani a gefe. Wilfrido ya ga ba zai buga wa mutane shara ba, sai ya yanke fuskar, ya cika bayan da abin da yake da shi a kusa, shuɗin sama da gajimare. Nemesia ta karɓo yadukan a dunƙule, ta baza su a gado tana jera su bisa launi. Na Arnulfo shuɗi ne, rigar ubansa shuɗiya ce, sai ta ɗinka su kafaɗa da kafaɗa a layin sama.

Ranar zagayowar haihuwar tsohuwa, bayan an taso daga coci, aka kira ni cin shinkafar kwakwa da kifi. Nemesia ta shimfiɗa bargon a cinyar uwarta ba tare da wani jawabi ba. Doña Casilda ta sunkuya har hancinta yana taɓa yadin, tana bin hotunan da yatsa, tana kiran suna, tana tsiya.

"Wannan Eudosia ce, tun tana siririya. Wannan kuma mijinta ne, mai kan agade. Wa ya ce a sa shi?"

"Mama, surukinki ne."

"Ai na sani, ban manta ba, da ma na manta."

Muka yi dariya. Yatsan ya hau layin sama, ya shafa fuskar Baldomero, ya matsa gefe, ya tsaya. Da ta ɗago, murya ƙasa-ƙasa ta ce, "Yaushe?"

"Yaushe me, Mama?"

"Yaushe kuka binne mini shi?"

Sai a lokacin Nemesia ta kalli gajimaren da idon uwarta. Na ga hannunta ya kai bakinta.

"Mama, Arnulfo yana nan da ransa. Wilfrido ne ya yi shirme."

"Wilfrido ba ya sa wa mai rai gajimare. Kuma kin ajiye shi kusa da ubansa. Ke da hannunki kika ɗinka. Da bakinki ne kika kasa faɗa mini, shi ne kika faɗa da allura."

Ta ture kwanon shinkafa, ta ce a kai ta ɗaki. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ta juya fuska bango, ta ce ba ta ci, kuma kada wanda ya kawo mata ƙwayar sugarta, ta sha ta ishe ta.

Nemesia ta kira lambar Arnulfo har wayar ta yi zafi. Yana kan dutse, sai ƙarshen mako. Ta kunna mata saƙon muryarsa na baya-bayan nan, inda yake cewa a gaishe da Mama.

Tsohuwa ta ce, "Muryar ubanku ma tana cikin wayar nan, kin sha kunna mini. Shi ma da ransa yake?"

Na shiga na ce, "Doña Casilda, ni da kunnena na ji shi yana magana da Nemesia ran Talata."

"Kai Evaristo, kai da kake ce wa mutane inji zai tashi gobe? Fita mini."

Na fita. Fada, limamin cocinmu, ya zo ya yi mata wa'azi, ta bar shi ya gama, ta tambaye shi nawa aka biya shi addu'ar ɗanta. Mai ciwon suga ba ya wasa da yunwa. Zuwa washegari da rana jikinta ya fara rawa, leɓenta ya bushe, ruwa kawai take kurɓa. Ma'aikaciyar asibitin unguwa ta duba ta, ta ce in ba ta ci ba kwantar da ita za a yi, kuma tsoho in ya kwanta da niyyar tafiya, ruwan da ake ɗaurawa ba ya riƙe shi.

Nemesia ba ta ƙara lallashi ba. Ta kashe wutar kifi da rana tsaka, abin da ban taɓa ganin ta yi ba, ta ɗaure kanta ta nufi kasuwa. Ban san me ta ce wa Wilfrido ba. Na dai ga ta dawo tana gaba, Wilfrido yana binta a kan gadar katako, sanye da farar riga da fuskarsa shi kansa a ƙirji, yana murmushi cikin gajimare. Matan unguwa suka fito ƙofa.

"Wilfrido, Allah ya jiƙanka! Yaushe abin ya faru?"

"A ina za a yi zaman makoki? Akwai kofi?"

Kunnuwansa suka yi ja. Nemesia ta tura shi gaban gadon uwarta ta ce, "Mama, taɓa shi."

Tsohuwa ta dubi rigar, ta dubi mai rigar, ta miƙa hannu ta mintsine shi a ciki har ya yi ƙara.

"Doña Casilda, ki yafe ni," in ji shi. "Shara ce a bayan ɗanki, na ga bai dace ba."

"Wannan ya nuna mini kai sakarai ne," in ji ta. "Bai nuna mini ɗana yana numfashi ba." Sannan ta ce wa bango, "Romon nan da nake jin ƙamshinsa, na waye?"

Cokali kaɗan ta sha, ta haɗiye ƙwayar tana harara. Da haka Nemesia ta riƙe ta, romo da ƙwaya, Wilfrido yana zuwa kowace safiya cikin rigar mutuwarsa ya tsaya a ƙofa a zage shi ya tafi. Nemesia ce ta sa masa wannan doka, kuma bai saɓa ba.

Ran Asabar da hantsi wayar ta yi kuka. Ina ƙarƙashin gida ina kwance inji, na ji gudun ƙafar Nemesia a kan katako, na hau da baƙin mai a hannuna. Ga Arnulfo a fuskar waya, gemu duk ƙura.

"Mama! Wai an ce na mutu?"

Tsohuwa ta karɓi wayar. Ta ƙura ido, ta ce, "Ɗaga hannun hagu. A'a, hagu na ce, jakin banza. Nuna mini yatsan da ƙugiya ta yaga."

Ya nuna.

"Me ke gabanka a tebur?"

"Burodi ne, Mama."

"Ci in gani."

Ya gatsa, yana tauna yana dariya, ɓarɓashi yana zuba a gemunsa.

"Rufe baki in kana tauna, ba haka na rene ka ba. Dubi yadda ka rame! Can ba su da kifi ne?" Daga nan ta kifa wayar a ƙirjinta ta yi kukan da ta riƙe duk makon, shi kuma yana ta kiran Mama daga cikin rigarta.

Nemesia ta jingina da bango ta zame har ƙasa, ta zauna ta miƙe ƙafafu. Can ta tashi ta ɗora tukunya. Ranar tsohuwa ta ci kifi biyu da agade, ta kuma yi ƙorafin gishiri ya yi kaɗan.

An ce a cire hoton Arnulfo a buga sabo da sharar da komai. Doña Casilda ta ce ba za a sake kai fuskar ɗanta shagon nan ba. Don haka washegari da asuba ban ji keke ba, sai ƙaramin ƙarar almakashi. Da gari ya waye na zagaya karɓar sukudirebata da Nemesia ta ara, na same ta a bakin ƙofa da bargon a cinya. Ta farke Arnulfo daga kusa da ubansa ta mai da shi layin ƙasa, tsakanin jikoki masu hayaniya. Ta bi gefen kansa da kafaɗunsa ta yanke gajimaren kaf, ta cike gurbin da jar rigar ƙwallonsa ta dā. Ɗinkin hannu ne, bai miƙe sosai ba, kunnensa ɗaya ma ya ɗan gutsure.

Ta cije zaren da haƙori, ta dubi hannuwana, ta tattara guntayen gajimaren daga ƙasa ta miƙo mini.

"Ungo, goge man nan kafin ka taɓa mini bargo."