Ranar da Na Ce Kawuna Telana Ne

Bana shekara shida ke nan da rasuwar Kawu Garba, telan Fagge, yayan mahaifiyata. Har yau in zan bi ta ƙofar shagonsa sai na sunkuyar da kai.

Kawu bai yi boko ba, amma babu akawun tashar jirgin ƙasa da bai san faɗin ƙugunsa ba, don shi ke ɗinka musu kaki. A lokacin takarda kaɗai ba ta ba mutum aiki, sai wani ya kama hannunka ya kai ka, ya ce ya tsaya maka. Da na gama Midil, Kawu ya ɗora mini wandunan Mista Okeke, babban akawu, muka taka har gidansa a Sabon Gari. Yana gwada masa wando yana cewa, "Wannan ɗan ƙanwata ne. In ya yi ba daidai ba, ni za ka nema." Mako bai zagayo ba na fara aiki.

Daga nan na ƙware da shiga mutane. Suna, biki, gaisuwar Lahadi a gidajen manyan akawuna, ba a rasa ni. Da aka fara maganar yi mini ƙarin girma, Mista Okeke ya gayyace ni shan shayi tare da Baturen ofishinmu. Muna zaune sai ga Kawu da ƙunshin ɗinki, guntun zare a gemu. Da ya gan ni a kan kujera ya washe baki. Baturen ya tambaye ni, cikin gurguwar Hausarsa, ko wane ne wannan. Na ce, "Telana ne."

Mista Okeke ya dube ni, ya kawar da kai. Kawu ya rusuna ya ce, "Haka ne, ranka ya daɗe, ni nake masa ɗinki."

Na sami girman. Kullum sai in ce gobe zan je in ba shi haƙuri, kunya ta hana ni. Shi kuwa bai fasa aiko mini da rigar sallah ba. Damina ba ta ƙare ba ya kwanta, kwana uku ya cika.

Yanzu ana ta maganar mulkin kai, Turawa suna sauka daga kujeru, muna hawa. Da Kawu yana nan, na san dariya zai yi, ya ce ko Razdan, babban Baturen lardi, za a naɗa sai an sami mai kai shi. Ni ma na kai mutane da dama, kuma hannunsa ne yake kai su, ba nawa ba. Duk wanda ya tambaye ni wa ya tsaya mini, da ƙarfi nake cewa kawuna ne, tela. Na faɗa wa kowa a Kano, ban da shi. Allah ya jiƙansa, ya sa ya yafe mini.