Romon da Inna ta yi mani babu gishiri

Assalamu alaikum. Masu tambaya ko wani littafi ne ya ɗauke mani hankali na ɓace haka, a'a. Jinya na yi.

Da na haifi Ikilima na tafi wankan gida Ƙofar Taramniya, wurin kakata Inna. A littattafan da nake karantawa mai jego tana komawa ɗakinta tana sheƙi, haka ni ma nake hango kaina. Kunun kanwa safe da yamma, gasasshen nama da yajin jego, wankan ruwan zafi, babu wanda na tsallake.

Sai ƙafafuna suka kumbura. Inna ta danna da yatsa, wurin ya loɓa. Ta ce, "Sanyi ne yas shige ki, ɗiyata. Kanwa ta yi kaɗan." Ta ƙara ta a kunu.

Kumburin ya hau har ciki. In na kwanta numfashi ya tsaya mani a wuya. Ranar da na kasa ɗaga Ikilima daga gado, maigidana ya kwashe ni sai asibiti.

An ɗebi jini, an yi hoton ƙirji, sannan hoton zuciya. Na ga zuciyata a fuskar na'ura tana motsi a kasalance. Tsoro ya kama ni, amma na kasa daina kallo.

Likita ya ce, "Zuciyarki ta yi rauni bayan haihuwa. Gishiri da kanwa suna tara ruwa a jiki, ita kuma ba ta da ƙarfin tura shi."

Inna, da ta biyo mu asibitin, ta ce, "Likita, mu da kanwa munka yi namu jegon."

Ya ce, "Na sani, Inna. Wannan zuciyar ce ba za ta iya ba."

Kullum allurar da ke sa fitsari, kullum hawa sikeli. Kuɗin magani ya ci babur ɗin maigidana. Aka sallame ni da sharaɗi: ba gishiri, ba kanwa, ba dunƙulen miya.

Nan na fi shan wuya. Abinci ya zama salam, loma biyu in ture. Nono ya ja baya, Ikilima ta tsotsa ta saki tana kuka.

Wata safiya Inna ta jawo turmi. Ta ce kakarta ta ba ta labarin zamanin shigowar Nasara, gishiri sai gidan mai hali, dunƙule kuwa babu shi, kuma miya ta yi daɗi. Na zauna kusa ina tambaya. Ta soya albasa har ta yi ja, ta daka citta da masoro da tafarnuwa, ta gasa daddawa kaɗan. Ta nuna mani wata baƙar aba doguwa.

"Mi ke nan?"

"Inna, ban sani ba."

"Kimba! Kina ta karatu, ba ki san kimba ba."

Ta zuba a romon kaza, ta matsa lemun tsami bayan ta sauke. Na shanye kwanon, na nemi ƙari. Cikin satin nan nono ya dawo.

Yau ina shan magani, ina tafiya da ƙafata, Ikilima tana ƙoshi. Alhamdu lillahi. Allah ya saka wa likitoci da maigidana da Inna, da ku da kuka yi addu'a, da alheri.

Masu jego, in ƙafa ta kumbura ko numfashi ya gaza, kada a ƙara kanwa, a tafi asibiti. Kuma ku tafi da tsohuwar da ke yi maku kunu, ta ji da kunnenta.