Neman Bajamushe a Kasuwar Birmingham

Muna idar da sallar asuba muka fito, gari bai waye ba, ga yayyafin nan na Manchester da ba ya gajiya. Mu uku ne, duk 'yan aji ɗaya a makarantar yamma inda muke koyon Jamusanci: ni, da wata 'yar Sudan mai haɗa magunguna, da wata 'yar Katsina mai karatun digiri na uku, wadda na ɗauka kamar ƙanwata. Masu bibiyata sun san maigidana ya samu aiki a Jamus tun bara. Ni da yara za mu bi shi, amma asibitocin can ba za su ɗauke ni aikin jinya ba sai na ci jarrabawar harshensu, har da ta baka. Rubutu ba ya ba ni tsoro. Magana ce babu inda za mu gwada, don a aji junanmu kawai muke yi wa gwaranci. Shi ya sa malamarmu ta ce mu je kasuwar Jamusawa da ke ci a tsakiyar Birmingham duk ƙarshen shekara, mu yi ciniki, kada Turanci ya fito daga bakinmu.

Bas muka hau, don kuɗin jirgin ƙasa ranar Asabar sai mai ƙarfin hali. Hanya sumul, dama da hagu filaye kore shar, tumaki na kiwo cikin ruwan sama ko a jikinsu. 'Yar Katsina ta fito da cincin da shayi a filas, muna ci muna bita. Mu Hausawa mun saba tebur namiji ne, kujera mace, to Jamusawa sun ƙaro jinsi na uku, kuma a cikinsa suka jefa yarinya. 'Yar Sudan ta ce duk wanda ya tsara haka bai haifi 'ya mace ba. Dab da shiga gari muka faɗa cunkoso, muka yi ta rarrafe a kan gadoji masu hawa kan juna.

Kasuwar ta yi kyau, ba ƙarya. Rumfunan katako ne jere da ƙananan fitilu, ga kyandir, ga sassaƙe, ga alewa kala-kala. Tsiran alade da giya ne suka fi yawa a ɓangaren abinci, sai muka yi ta kewaye su. Tsada kuwa, ƙullin gyaɗarsu mai suga ya kusa kuɗin kaza.

A rumfar farko na gyara tsayuwa, na yi gaisuwa, na zuba jimlar da na kwana ina haddacewa. Saurayin da ke tsaron rumfar ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ba ni haƙuri da Turancin Birmingham, ya ce shi ɗan unguwar Erdington ne a nan garin, aikin wata guda ya samu. Ta biyu 'yar Romaniya ce. Na uku ya ce gaisuwa kaɗai ya iya, ita ma jiya ya koya. 'Yar Katsina ta ce, "Anti, anya ba mu ne Jamusawan kasuwar nan ba?"

Muna cikin dariya na hango wani dattijo zaune kan kujera a bayan wata rumfar sassaƙe. Cikin wannan sanyi gumi yake yi, hannunsa na rawa. Yarinyar da ke tsaron rumfar tana ta yi masa Turanci, shi kuwa kallonta kawai yake. Na tambaye ta, ta ce mahaifin mai rumfar ne, daga Jamus ya zo taya 'yarsa, ita kuma ta tafi ɗauko kaya a mota.

Na tura 'yar Katsina ta kira masu agajin gaggawa na kasuwar, na durƙusa gabansa. Na gaya masa da Jamusanci cewa ni ma'aikaciyar jinya ce, na tambaye shi ina ke masa ciwo. Ya girgiza kai. Ƙirji? A'a. Ya ci abinci yau? A'a. Sai ya nuna cikinsa, ya kwatanta allura, ya ce, "Zucker." Ashe su ma suga suke kiran ciwon, kamar mu. Ya yi allurarsa da safe, hidimar buɗe rumfa ta hana shi karyawa.

'Yar Sudan ta ruga ta sayo lemon kwalba mai zaƙi. Na riƙe masa, ina cewa ya sha a hankali, ina ta jan sa da hira don kada ya sulale: sunan garinsu, jikokinsa nawa. Ban tsaya tunanin wace kalma ce mace ko namiji ba, abin da ya zo bakina shi na faɗa. Kafin masu agaji su iso da na'urar gwaji rawar hannun ta ragu, har ya karɓi burodi.

Da 'yarsa ta dawo ta riƙe hannuna ta ƙi saki, tana godiya da sauri kamar ana korarta, kuma na fahimci fiye da rabi. Dattijon ya tambaye ni a ina na koyi harshensu. Na ce a Manchester. Ya ce, "Ki gaida malamarki. Amma aikatau ɗin nan, a ƙarshen jimla ake ajiye shi." Nan na tabbatar ya warware.

Daga can muka hau bas zuwa unguwar Lozells, muka yi azahar a wani masallaci da ke tsakanin gidajen jan bulo masu manne da juna. Muka ci shinkafa da naman rago a gidan abincin wasu 'yan Yaman, faranti ɗaya ya ishi mutum biyu, kuma kuɗin bai kai na ƙwalamar kasuwa ba. A wani ƙaramin kanti na samu kuka da daddawa, na saya har da na maƙwabciyata.

Mun shigo Manchester wajen lisha, yayyafi na nan inda muka bar shi. Na buga wa maigida waya na ba shi labarin da Jamusanci tun daga farko. Ya ce shi da ya shekara a can bai kai nan ba, don a ofishinsu Turanci ake yi.

Abin da na ƙaru da shi a tafiyar nan shi ne, mai jiran sai bakinsa ya gyaru kafin ya yi magana zai daɗe bai ce komai ba. Kurakuraina suna nan, zan ci gaba da gyara su a aji. Amma na durƙusa gaban marar lafiya na tambaye shi da harshensa, ya gane, ya amsa mini, ya kuma tashi da ƙafafunsa. Aikin da zan je yi ke nan.