Adda Hauwa da bitar da ta soke da bakinta

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayata Hauwa, wadda kowa a gidanmu na Mayo Gwoi yake kira Adda, har mahaifiyarmu. Ba ta riƙe wani babban muƙami ba. Ita ce mai kula da horar da ma'aikata a wani kamfanin casar shinkafa a nan Jalingo, inda ni ma nake aikin sito har yau. Makon jiya aka kai mu bita a otal, aka ci, aka sha, aka ɗauki hoto, kowa ya dawo da satifiket. Tun a mota nake tunaninta.

Akwai shekarar da Alhaji mai kamfanin ya yi niyyar dakatar da horon gaba ɗaya, kuma da ya yi hakan, aikin Adda ya tafi ke nan. A gabanmu ya ce mata, "Hauwa, kullum bita, kullum bita. Ni ban ga abin da ya ƙaru ba sai hotuna a bango."

Ba ta yi musu ba. Cewa ta yi, "Ranka ya daɗe, da gaskiyarka. Ni ma ban sani ba ko yana amfani. Ka bar ni zuwa ƙarshen kaka, mu gwada."

Ga yadda ta gwada. Masu kula da inji kashi biyu ne, 'yan safe da 'yan yamma. Ta ce a koya wa kashi ɗaya yadda ake saita inji da yadda ake gane shinkafar da ta bushe daidai, ɗaya kashin kuma su ci gaba yadda suka saba. Inji ɗaya, shinkafa ɗaya daga garin Mutum Biyu, bambancin kawai horo. Nan fa ƙananan maganganu suka tashi, wai za ta zaɓi 'yan uwanta. Wanda ya san garin nan ya san inda irin wannan magana take kai mutane. Sai ta tara kowa a bakin sito aka yi ƙuri'a, ta faɗa kan 'yan safe.

Da kaka ta wuce, ta kawo faranti biyu gaban Alhaji, ɗaya na safe, ɗaya na yamma. Shinkafar safe ta fito ƙwaya-ƙwaya, ta yamma kuwa da yawanta ta kakkarye. Makaniken kamfani ma ya shaida cewa an rage kiransa da safe. Gani ya kori ji. Alhaji ya ce a horar da 'yan yamma ba tare da ɓata lokaci ba.

Wannan labarin kowa a kamfani yana son ba da shi. Wanda ba a cika faɗa ba shi ne na biyu. Adda ce ta kawo ƙawarta tun ta makaranta, Madam Rifkatu ta unguwar Nukkai, don ta koya wa masu sayarwa yadda ake tarbar abokin ciniki. Kowa ya ji daɗin bitar nan, ana ta yabo. Amma Adda ta sa mayafinta ta shiga kasuwa, ta bi dillalai shago-shago tana tambaya. Amsarsu ɗaya ce: gaisuwa ba ta taɓa damunsu ba, motar kaya ce ba ta zuwa a kan lokaci. Ciniki bai motsa ba. Ta koma ta ce wa Alhaji a soke bitar, a gyara sha'anin mota.

Madam Rifkatu ta zo har gida, ta tarar muna zaune a tsakar gida. Ta ce, "Adda, ke fa kin kawo ni. Yanzu kuma ke kin cire ni?"

Adda ta ce, "Kin koyar da kyau, Rifkatu. Ni ce na shafa magani inda ba ciwo."

Sun daɗe ba sa gaisawa, kuma abin ya ci Adda a rai, ko da yake ba ta faɗa. Sai da ciwonta na ƙarshe ya kwantar da ita, Madam Rifkatu ta zo asibiti da kwanon kunu, ta zauna, ba ta ƙara barin gefenta ba har Allah ya karɓi abarsa. Ba su tayar da tsohuwar maganar ba.

Yau yawancin horo ya koma cikin waya. Mutum ya danna, ya danna, satifiket ya fito. In an gama, tambayar da ake mana ita ce ko mun ji daɗi. Ina jin da Adda na nan ba za ta ƙi wayar ba, domin ba ta gudun sabon abu. Amma za ta bari a kwana biyu, ta je bakin inji ta tsaya ta ga ko hannun mutum ya sake. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Ban ce komai nata daidai ne ba. Tana da gaggawar yanke hukunci, kuma akwai amfanin da ba ya hawa faranti, kamar ma'aikaci ya ji an damu da shi. Na sha faɗa mata haka, tana dariya tana ce mini malamin falsafa.

Ofishinta yanzu buhuna muke ajiyewa a ciki, kuma yawancin sababbin ma'aikata ba su san sunanta ba. Sai dai har yau, duk ranar da za a koya wa masu inji wani sabon abu, sukan ɗebi shinkafar jiya su ajiye a gefe, don a kwatanta daga baya. Na tambayi wani sabon zuwa wa ya koya masa. Ya ce, "Baba, haka muka tarar ana yi." Ban gyara masa ba. Allah ya kai haske kabarinki, Adda.