Kwale-kwalen Hagu Ya Fi Nauyi

Ƙanina injiniya ne, amma a Dubai ya tsinci wani hauka: jirgin ruwa mai tafiya da iska. Katamaran suke ce masa, siraran kwale-kwale biyu ne aka haɗa da sandunan ƙarfe, aka kafa doguwar sanda mai ƙyalle a tsakiya. Tsohon jirgi ya saya, ya shekara yana gyara shi duk Juma'a bayan masallaci. Ni da kasuwancin kago, wato aika kaya, ya kawo ni, tsiya kawai nake masa, ɗan Kano da ko a Tiga bai taɓa iyo ba.

Burinsa ɗaya, ya shiga gasar ƙananan jirage ta ranar wata Asabar. Dokarsu ta ba ni dariya. Mu kullum faɗanmu kaya su rage nauyi, su kuwa jirgi in ya gaza kilon da aka yanka, ba zai shiga ba. Sai ya kwance shi ya kawo sitonmu na Ras Al Khor ranar Laraba, mu auna kafin alƙalai su auna.

Mai sikelinmu wani dattijo ne ɗan Maraɗi, Baba muke ce masa. Bai taɓa hawa teku ba. Muka ɗora komai a babban sikeli, lamba ta haura abin da ake so da kaɗan. Ƙanina har ya fara tsalle.

Baba ya ce, "Shuwayya, a hankali, injiniya. A nan ba a auna kwali biyu tare. Sauke, ɗaya-ɗaya."

"Baba, jimilla suke dubawa."

"Su ke nan. Ni ɗaya-ɗaya na iya."

Muka sauke muna gunaguni. Na dama ya hau, ya sauka. Na hagu ya hau, sai ga kilo huɗu sun ƙaru, alhali tagwaye ne. Baba ya ɗaga gindin kwale-kwalen, ya kara kunne, ya bi cikinsa da ƙwanƙwasa kamar mai sayen kankana. A wani wuri sautin ya mutu. Ya danna da babban yatsa, ruwa ya tsattsafo ta wata tsaga da fenti ya rufe.

Ni na fara ba da muguwar shawara, kuma har yau ina jin kunyarta. Na ce a liƙe, ai nauyi ya cika, bayan Asabar a gyara. Baba bai ko kalle ni ba. Ƙanina ya tambaya, "In ya buɗe a tsakiyar ruwa fa?"

Da hannunsa ya huda wurin. Ruwan gishiri ya yi ta zuba a kan simintin, yana tsaye yana kallo, idonsa jawur. Asabar ta zo ta wuce kwale-kwalen na kife a rana.

Abin da ya sa nake girmama dattijon nan shi ne abin da ya biyo baya. Ba wanda ya sa shi, amma kullum da safe kafin motocin kaya su iso, sai ya sa mu ɗora masa kwale-kwalen, ya rubuta lamba da alli a bango. Sati uku lambar na sauka. Ranar da ta tsaya cak kwana uku a jere, ya ce in kira masa injiniya.

Ya karɓi wayar ya ce, "Ya bushe, khalas. Zo ka liƙe. Yanzu ko ni ka ce in hau, zan hau."

Ya miƙo mini wayar, na kara a kunne na ji muryar ƙanina. Kuka yake yi.