Hatimin da na buga wa taubashina

Shekaru kaɗan kafin Nasara su naɗe kayansu, ni ne komi, wato magatakarda, a wani kamfanin sayen gyaɗa a Zinder. Da kaka buhuna kan taru har angulu sai ta tsaya ta huta a tsakiya kafin ta kai ƙoli. Manyan motoci, mu kamiyo muke ce musu, su ke kwasa zuwa Kano. Hanyar kuwa, in ka shiga da haƙora talatin da biyu, ka sauka ka ƙirga, ko dai sun ragu ko sun sake wurin zama.

Bayan motoci biyu sun kife a kaka guda, sai aka kafa doka: direban da ya dawo daga Kano ba ya juyawa sai ya yi yini da kwana yana hutawa. Takardar fita a hannuna take. Sai na duba ranar dawowarsa, na buga hatimi, sannan jandarma su ɗaga masa sandar shingen hanya.

Cikin direbobin akwai taubashina, ɗan goggona, mutumin Gafati. Tun muna yara ba mu taɓa faɗa wa juna magana madaidaiciya ba. Ni ɗan namiji ne, shi ɗan mace, don haka bawana nake kiransa, shi kuma ya ce da ni ɓeran biro, wato ofis, mai cin takarda. In ya ce yana jin yunwa, in ce ya ci tayar mota. Manya na ji, suna dariya, haka al'ada ta ba mu.

Wata Laraba da hantsi ya shigo daga Kano, idanunsa jajawur kamar gauta. A ranar wani Bakano mai fatauci ya tsare ni tun safe, yana so gyaɗarsa ta riski jirgin ƙasa, kuma babu mota a fili sai ta taubashina. Taubashin nawa ya jingina da ƙofar biro, direbobi na zaune a inuwa suna cin goro, ya ce a hankali:

"Ɗan kawu, kwana uku ban runtsa ba. Bar ni in kwanta."

Ɗan kawu ya ce, bai ce ɓera ba. Wannan kaɗai ya isa in gane. Amma ga jama'a, ga bakina yana ƙaiƙayi. Na tashi na shelanta cewa bawana ya tsufa, a nemo masa jaki da tabarma, ni da kaina na taɓa ganin yana barci a tsaye yana tauna rake. Aka fashe da dariya. Taubashi ba ya fushi, ba ya kuma roƙo sau biyu a gaban mutane. Shi ma ya yi dariyar, ya miƙo takarda. Na mai da ranar dawowarsa Talata, na buga hatimi.

Bayan azahar labari ya zo. Wajen garin Guna, rana tsaka, a miƙaƙƙiyar hanyar da ko akuya babu, motar ta sauka ta rungumi itacen kuka. Ya rayu, amma ƙafar dama ta tafi. Da jandarma suka tambaye shi, ya ce ya huta yadda doka ta ce, ga takarda. Suka karɓe farminsa, wato lasisin tuƙi, ni kuwa ko tari ba a yi mini ba.

Ya koma Gafati yana saƙa igiya. Na je da kan sukari da tsokanata a baki, na tsaya daga zaure na ce ina bawana rago. Ya sa aka shimfiɗa mini buzu, ya gyara zama, ya ce:

"Sannu da zuwa, Malam. Ina gajiya?"

Har yau haka yake gaishe ni. Na sa rabin Damagaram dariya, amma duk sallah sai na je Gafati na zage shi tas, ina jira ko zai ce ɓera. Sai ya tambaye ni lafiyar iyali.